Birnin Bushara a Bakin Baƙin Kogi

Kogin da ya raba ƙasar Rasha da ƙasar Sin a can ƙuryar gabas yana da sunaye aƙalla huɗu, kuma uku daga cikinsu sun yi tarayya a kan launi guda. Sinawa suna kiransa Heilong Jiang, wato Kogin Baƙin Dodo, dodon nan mai siffar maciji na tatsuniyoyinsu. Mutanen Manchu suna cewa Sahaliyan Ula, Baƙin Kogi. Mongolawa su ma Baƙin Kogi suke cewa da nasu bakin. Na huɗun shi ne Amur, wanda Rashawa suka yaɗa har duniya ta san shi da shi, amma kuma ba kalmar Rashanci ba ce, aro suka yi daga harsunan masunta da mafarautan da suka tarar a wurin. Duk wanda ya riƙe waɗannan sunaye huɗu, ya riƙe bakin zaren tarihin wannan yanki, domin kowane suna shaida ne cewa akwai wata al'umma da ta taɓa cewa kogin nata ne.

A watan Yulin 2024 na samu damar kwana huɗu a Blagoveshchensk, babban birnin lardin Amur, bayan wani taron masana harsuna da na halarta a Rasha. Kada mai karatu ya wahalar da harshensa wajen furta sunan, su kansu mutanen garin Blaga suke cewa idan suna hira. Ma'anarsa kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kalmar tana nufin busharar da Mala'ika Jibrilu ya yi wa Nana Maryam, kuma daga sunan wata majami'a aka raɗa wa garin a shekarar 1858. Birnin Bushara ke nan. Daga Mosko tafiyar kusan awa takwas ce a jirgin sama, agogonsa yana gaba da na Mosko da awa shida, yana gaba da na Nijeriya da awa takwas, kuma mazaunansa sun kai kimanin 240,000.

Gari ne shimfiɗaɗɗe, titunansa miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya, wanda ke nuna cewa sojoji ne suka tsara shi. Yana zaune ne daidai inda kogin Zeya ya zubo cikin Amur. Sai dai abin da ke kai baƙo garin shi ne gaɓar kogin, wadda aka daɓe aka ƙawata, inda jama'a ke fitowa shan iska da yamma. Idan ka tsaya a nan, wata ƙasa kake kallo. Faɗin ruwan bai kai kilomita ɗaya ba, kuma a ɗaya gaɓar ga birnin Heihe na ƙasar Sin nan tsaye da dogayen benaye, waɗanda idan dare ya yi sukan haskaka da fitilu masu launi har hasken ya kwanta a kan ruwa. Heihe ɗin ma fassararsa Baƙin Kogi ce. Da rani jiragen fito ne ke kai da kawo, idan sanyi ya kankama kogin ya daskare sai a shimfiɗa gada mai iyo motocin safa su riƙa bi. Ni dai ban tsallaka ba, domin bizata ta shiga Rasha sau ɗaya ce kawai, don haka duk abin da zan faɗa a kan wancan ƙetaren daga karatu ne da kuma abin da ido ya hango.

A kan wannan gaɓa akwai mutum-mutumin soja mai gadin iyaka tare da karensa, akwai wani jirgin ruwan yaƙi da aka ɗora a kan dakali don tunawa da yaƙin 1945 da Japan, akwai kuma mutum-mutumin Nikolai Muravyov, wanda shi ne ya mallaka wa Rasha wannan gaɓa. Kafin mu zo kansa, sai mun koma baya da shekara ɗari biyu.

Rashawa sun fara leƙo Amur ne a tsakiyar ƙarni na 17, lokacin da ayarin Vasily Poyarkov ya gangaro ta kogin Zeya a 1644, Yerofey Khabarov kuma ya biyo baya bayan 'yan shekaru. Fatun dabbobi da hatsi suke nema, kuma ba da lalama suka nema ba. Mutanen da suka tarar, irin su Daur da Evenki, suna ƙarƙashin inuwar daular Qing ne, wato sarakunan Manchu da suka ci Beijin a wannan shekara ta 1644. Aka yi ta gwabzawa, har dakarun Sarki Kangxi suka yi wa sansanin Rashawa na Albazin ƙawanya a 1685 da 1686. Daga ƙarshe aka zauna a garin Nerchinsk a 1689 aka yi sulhu, Rasha ta janye daga Amur baki ɗaya.

A nan ne ɗalibin harshe zai gyara zama. Wakilan Rasha ba sa jin Manchu, wakilan Qing ba sa jin Rashanci. Da wane harshe aka yi ciniki? Da Latin, harshen tsohuwar Rum, wanda a lokacin ba na uwar kowa ba ne. Sarkin Sin ya turo limaman Kirista biyu da ke zaune a fadarsa, Thomas Pereira ɗan Fotugal da Jean-François Gerbillon ɗan Faransa, su kuma Rashawa suna da wani ɗan Poland mai jin Latin. Kwafin Latin ɗin shi ne aka ɗauka a matsayin hujja, aka kuma yi na Rashanci da na Manchu. Yarjejeniya ta farko tsakanin ƙasar Sin da wata daular Turai ke nan, amma babu Sinanci a cikin harsunan da aka ƙulla ta da su. Dalili shi ne, a idon masu mulkin Beijin na wancan zamani, Amur gonar gadon Manchu ce, kuma harkar arewa da Manchu ake yin ta.

Wannan iyaka ta yi shekara 169 tana aiki. Abin da ya rushe ta shi ne rauni. A shekarun 1850 daular Qing ta shiga tsaka mai wuya: a cikin gida ga boren Taiping yana cin rayuka, daga teku ga Ingila da Faransa sun taso ta a yaƙin Banju na biyu. Muravyov, wanda shi ne Gwamna Janar na Gabashin Saiberiya, bai jira izinin kowa a Beijin ba. Tun daga 1854 ya riƙa gangaro da jiragen sojoji da 'yan kama-wuri-zauna ta kogin, a 1856 aka kafa sansanin soja a bakin Zeya, wanda shi ne tushen garin da nake ba da labari. Da ya gama shimfiɗa tabarmarsa sai ya nemi a zauna. A watan Mayun 1858, a garin Aigun da ke kimanin kilomita 30 a ƙasa da Heihe, kwamandan lardin mai suna Yishan ya sa hannu a takardar da ta miƙa wa Rasha duk ƙasar da ke arewacin kogin, kimanin murabba'in kilomita 600,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Nijeriya. Fadar Beijin ta ƙi amincewa da farko, amma a 1860, bayan sojojin Ingila da Faransa sun shiga birnin, ta amince, har ma ta ƙara da ƙasar da ke gabashin kogin Ussuri, inda Vladivostok yake a yau. Idan bango ya tsage, ƙadangare ba ya rasa wurin shiga. Takardar Aigun ita ma da Rashanci da Manchu da Mongolanci aka rubuta ta. Sarkin Rasha ya saka wa Muravyov da laƙabin Amursky, wato na Amur, kuma hoton mutum-mutuminsa na Khabarovsk ne a jikin takardar Rubul 5,000 da aka fitar a 2006.

Bayan haka sai zinariya ta bayyana a dazuzzukan lardin, garin ya bunƙasa. Har yanzu ana ganin gine-ginen jan bulo na attajiran wancan zamani. Gidan tarihin lardin ma yana cikin tsohon kantin Kunst da Albers ne, wasu Jamusawa 'yan kasuwa. Marubuci Anton Chekhov ya ratsa ta nan a 1890 a hanyarsa ta zuwa tsibirin Sakhalin, wanda shi ma sunansa daga Sahaliyan ɗin nan na Manchu ya samo asali. A shekarar da ta biyo baya Yarima mai jiran gado, wanda ya zama Sarki Nikolas na Biyu, ya ziyarci garin, aka gina masa wata ƙofar ban girma. 'Yan gurguzu suka rushe ta a shekarun 1930, aka sake gina ta a 2005. A wancan lokaci Sinawa ne ke riƙe da ƙananan sana'o'in garin: su ne leburori, su ne masu kawo kayan lambu, su ne barorin gida. Bugu da ƙari, yarjejeniyar Aigun ta bar wasu ƙauyuka a gabashin Zeya, waɗanda ake kira Ƙauyuka Sittin da Huɗu, inda talakawan Qing suka ci gaba da zama a gefen Rasha amma a ƙarƙashin hukumar Sin.

Sai shekarar 1900 ta zo. A ƙasar Sin boren nan na ƙin jinin baƙi, wanda Turawa suka laƙaba wa suna Boren 'Yan Dambe, ya bazu har Manchuriya. A tsakiyar watan Yuli aka fara harbo igwa daga gaɓar Sin zuwa cikin Blagoveshchensk, a daidai lokacin da aka kwashe akasarin sojojin garin zuwa wani fagen. Tsoro ya kama mutane, jita-jita ta cika gari cewa Sinawan da ke zaune tare da su za su tashi cikin dare su yanka kowa. Gwamnan soja, Konstantin Gribsky, ya ba da umarnin a kwashe su a mayar da su ƙetare. Aka bi gida-gida da kanti-kanti aka tattaro su, maza da mata da yara da tsofaffi, aka kora su a ƙasa zuwa wani wuri a saman garin inda kogin ya ɗan tsuke. Babu jirgi, babu kwalekwale. Aka ce su shiga ruwa. Waɗanda suka tirje aka sa musu bulala da gatari da bindiga. Kwanaki aka yi ana wannan aiki, kuma 'yan kaɗan ne suka kai ɗaya gaɓar. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda suka halaka tsakanin 3,000 zuwa 5,000. Aka kuma kore mutanen Ƙauyuka Sittin da Huɗu, aka ƙone garin Aigun. An yi bincike daga baya, amma Gribsky ya ci gaba da aiki a hukumar sarki.

Mu da muka ga yadda jita-jitar dare ɗaya ke mayar da maƙwabcin shekara ashirin abokin gaba a wasu garuruwanmu, ba ma buƙatar dogon bayani a kan yadda irin wannan ke faruwa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na bi gaɓar nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na karanta duk allon da na iya karantawa, ban ga ko guda da ya ambaci mutanen da aka tura cikin ruwan ba. Abokiyar aikin da ta yi mini jagora, malamar jami'a ce mai nazarin harsunan ƙananan ƙabilun lardin, ta san labarin sarai, kuma ba ta yi musu ba, sai dai ta nuna mini cewa magana ce da malamai ke yi a tsakaninsu, ba ta dandali ba. A ɗaya gefen kuwa, a tsohon garin Aigun, hukumomin Sin sun gina gidan tarihi na musamman a kan yarjejeniyar da kuma wannan kisa, ana kai 'yan makaranta su gani. Kogi ɗaya, wata gaɓa ta zaɓi shiru, wata ta zaɓi tuni, alhali shugabannin ƙasashen biyu suna ta shelar abota.

A ganina shirun nan bai binne komai ba, domin abin da aka hana allo ya faɗa, sunaye suna faɗarsa. Bayan ɓarakar da ta auku tsakanin Mosko da Beijin a shekarun 1960, an rufe wannan iyaka ruf, aka riƙa kunno farfagandar Mao da lasifika daga ƙetaren kogi. A watan Maris na 1969 sojojin ƙasashen biyu suka zubar da jinin juna a kan wani ɗan tsibiri a kogin Ussuri, wanda Rashawa ke kira Damansky, Sinawa kuma Zhenbao. Martanin Tarayyar Sobiyet bai tsaya ga tankoki ba. A 1972 ta bi taswirar yankin gabas mai nisa tana goge sunayen da suka yi kama da na Sinanci ko Manchu: garin Iman ya koma Dalnerechensk, Suchan ya koma Partizansk, Tetyukhe ya koma Dalnegorsk, haka koguna da duwatsu masu yawa. Su ma Sinawa ba su saki nasu ba. A bakinsu tsohon sunan Blagoveshchensk shi ne Hailanpao, Vladivostok kuma Haishenwai, Khabarovsk kuwa Boli, kuma a watan Fabrairun 2023 ma'aikatar albarkatun ƙasa ta Sin ta jaddada dokar cewa taswirorin da ake bugawa a ƙasar su riƙa sanya waɗannan tsofaffin sunaye a gefen na Rashanci. Wannan kuwa bayan an kammala shata iyakar a hukumance tun 2008, kowa ya sa hannu cewa ba ya bin kowa ko taku ɗaya.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Aigun kansa, wanda Sinawa ke furtawa Aihui. A 1956 aka sauya haruffan da ake rubuta sunan da su zuwa wasu masu sauƙi. A 2015 aka mayar wa tsohon garin da haruffansa na asali, irin waɗanda ke cikin littattafan tarihi. Furucin bai sauya ba ko kaɗan, kunne ba zai ji bambanci ba, ido ne kawai zai gani. Gwamnati ba ta ɓata lokacinta a kan irin wannan sai da dalili.

Talakawa dai ba su jira an warware wannan ba. A 1987 Heihe ta aiko da kankana, aka musanya mata da takin zamani, daga nan ƙofa ta fara buɗewa. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, masana'antu suka durƙushe, sai malamai da injiniyoyi da ma'aikatan jinya suka koma fatauci, suna tsallakawa da manyan jakunkuna suna sayo tufafi da takalma. Har sana'ar ta haifar da nata kalmomi: wanda ake biya ya ɗauko kayan wani da sunansa don a kauce wa kuɗin fito ana kiransa fonar, wato fitila, ubangidan da ke tara irin waɗannan mutane kuma kirpich, wato bulo. Duk wanda ya san Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san wannan sana'a, suna ne kawai ya bambanta, sai kuma cewa a namu iyakokin dangi ɗaya ne masu harshe ɗaya a kowane gefe.

A nan kuwa sai da aka ƙirƙiro harshen ciniki, kuma ba sabon abu ba ne. Tun bayan da aka buɗe kasuwar shayi ta Kyakhta a ƙarni na 18 ake da wani gauraye na Rashanci da Sinanci, irin abin da mu muke kira Barikanci. Kamar yadda Barikanci ya watsar da jinsi har ake jin "yarinya ya zo", haka wannan ya watsar da sarƙaƙiyar nahawun Rashanci. Sigar umarni ta aikatau ita ke tsayawa a madadin kowane lokaci, kuma maimakon "ni" da "kai" sai a ce moya da tvoya, wato tawa da taka. Har yau ɗan kasuwar Sin kan kira abokin cinikinsa druga maimakon drug, aboki, jami'i kuma kapitana. Wannan wasalin da ake liƙawa a ƙarshe shi ne dai wanda Bahaushe ya liƙa ya samu bokiti da asibiti, saboda harsunan biyu ba sa son kalma ta ƙare da irin waɗannan baƙaƙe. Aron kuma ta kowane gefe yake tafiya. A Blaga na ci abinci a irin gidajen da suke kira chifanka, daga kalmar Sinanci chifan, cin abinci. A arewa maso gabashin Sin kuwa burodin Rashawa lieba ne, daga khleb, bokiti kuma weideluo, daga vedro. Burodi da bokiti: mu ma su muka ara daga namu baƙin. Shi kuwa shayin da ya haɗa su ciniki tun farko, chai ɗin Rashawa da shayin Bahaushe duk jikokin cha ɗin Sinawa ne.

Yau harkar ta wuce ta jakunkuna. Tun watan Disambar 2019 bututun iskar gas da ake kira Ƙarfin Saiberiya yake ratsa ƙarƙashin kogin kusa da garin zuwa Sin. A watan Yunin 2022 aka buɗe gadar mota ta farko a kan Amur tsakanin ƙasashen biyu, mai tsawon mita 1,080, watanni kaɗan bayan fara yaƙin Yukren, lokacin da ƙofofin yamma ke rufewa a fuskar Rasha. Waken suya da katako da makamashi suna tafiya kudu, motoci da injuna suna tahowa arewa. Ba sai an gaya wa mai kallo wane gefe ne ke da ƙarfi ba. A 1858 Aigun ce ke kallon jiragen Muravyov ba ta da yadda za ta yi, yau tsofaffin Blaga, waɗanda suka san Heihe tana ƙaramin gari mai gidajen ƙasa, su ne ke zaune a benci suna kallon benayenta.

Amma a duk wannan lissafi na wa ya ci wa ya faɗi, akwai waɗanda ba a ma sa su a ciki. Evenki, masu kiwon barewar ƙanƙara, waɗanda daga dangin harshensu ake kyautata zaton sunan Amur ya fito, suna nan a 'yan ƙauyuka a arewacin lardin. A ƙidayar 2010 sun kai kusan 38,000 a duk faɗin Rasha, amma waɗanda suka ce suna jin harshen ba su cika 5,000 ba. Jagorata ta shafe shekaru tana naɗar muryoyin tsofaffinsu, kuma ta nuna mini cewa duk zuwan da za ta yi sai ta tarar an rage.

Na Manchu ya fi ban tsoro, kuma ina so masu cewa harshen da ke da sarauta da rubutu da miliyoyin jama'a ba ya mutuwa su saurara. Manchu harshen fada ne na daular da ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912. Yana da haruffansa, da ƙamusoshinsa, da makarantunsa, da shi aka rubuta Nerchinsk da Aigun. Ba wanda ya haramta shi a zamanin mulkinsu. Su da kansu manyansu suka ga Sinanci ya fi kawo ci gaba, suka riƙa yi wa 'ya'yansu magana da shi, sarakuna suna ta gargaɗi ba a ji. A yau mutum fiye da miliyan 10 ne ke amsa sunan Manchu a ƙasar Sin, amma waɗanda suka tashi da harshen a baki 'yan tsirarun tsofaffi ne a wasu ƙauyukan lardin Heilongjiang, irin su Sanjiazi, da kuma Dawujia da ke bakin wannan kogi, ba nisa da Aigun. Ɗimbin takardun mulkin da daular ta bari da Manchu suna jibge a ɗakunan adana tarihi na Beijin, kuma da yawa daga cikin masu karanta su 'yan ƙabilar Xibe ne, jikokin wasu sojoji da aka tura gadin iyakar yamma a 1764, waɗanda suka riƙe wani reshe na harshen a can lardin Xinjiang, dubban kilomitoci daga Baƙin Kogi.